Shin Ko Kun San? Yadda Shafin Intanet Ke Mamaye Fuskar Waya Baki Ɗaya

Shin ko kun san cewa babu shafin intanet da ke da ikon cike fuskar wayarku don ra'ayin kansa? Umarnin da magina shafuka ke rubutawa don wannan aiki, requestFullscreen, ba ya tashi sai mai waya ya danna maɓalli ko ya taɓa wani wuri da yatsa. In shafi ya gwada shi daga buɗewa, burauza za ta ƙi. Ko bayan ta yarda ma, Chrome kan fito da ɗan saƙo mai nuna hanyar fita.

Akwai dalilin wannan tsauri. Ɗan layin nan na sama da ke nuna adireshin shafi shi ne allon sunan shago: da shi ake gane ko a banki ake, ko a rumfar ɗan damfara. A 2012 wani mai ƙera manhaja, Feross Aboukhadijeh, ya nuna wa duniya haɗarin a aikace. Ya gina shafin da, in an danna mahaɗinsa, sai ya cike fuskar kwamfuta, ya zana burauzar bogi da adireshin Bank of America a samanta, alhali mutum bai je ko'ina ba. A waya abin ya fi muni, domin fuska ƙarama ce, kuma yawancinmu cikin sauri muke dannawa. Duk shafin da ya ɓoye adireshinsa sannan ya nemi lambar sirri, ku fita tukuna ku duba inda kuke.

Shin ko kun san cewa iPhone ta farko ba ta zo da kantin manhajoji ba? A watan Yunin 2007 Steve Jobs ya tsaya gaban masu ƙera manhaja ya ce musu su rubuta ayyukansu a matsayin shafukan da za su yi aiki cikin Safari. Ba su ji daɗin maganar ba. App Store bai buɗe ba sai Yulin 2008. A cikin wannan shekarar ce Apple ya ba da damar ajiye tambarin shafi a babbar fuskar waya, sannan ya ƙaro ɗan layin umarni da ke sa shafin ya buɗe ba tare da kayan Safari sun bayyana ba.

Abin mamaki, kamfanin da ya fara buɗe wannan ƙofa shi ne ya fi kowa jan ƙafa daga baya. iPad ta sami damar cike fuska tun 2018, amma Safari na iPhone ya shafe shekara da shekaru bidiyo kawai yake bari ya yi hakan. Wasa, taswira, littafi, duk sai dai su haƙura da layin adireshi a kansu. Tsaro hujja ce mai ƙarfi, na yarda. Amma ba na jin ita kaɗai ce, tunda duk manhajar da ta koma burauza ta kuɓuce wa kason da Apple ke yanka a cinikin kantinsa.

Shin ko kun san cewa akwai lokacin da magina ke yi wa burauza wayo da ɗigo ɗaya tak? Da shafi ya gama buɗewa sai su sa shi ya gangara ƙasa da ɗigon haske guda, burauza ta ɗauka mai waya ne ya ja, ta ɓoye layin adireshi. iOS 7 ya kashe dabarar a 2013. A Maris 2014 Apple ya kawo madadinta mai suna minimal-ui, a Satumban shekarar kuma iOS 8 ya cire ta. Wata shida ke nan.

Hanyar da ta tabbata a yau ɗan ƙaramin fayil ne da ake kira manifest. A ciki magini ke rubuta sunan manhaja, tambarinta, launinta, da yadda yake son ta bayyana. Sanannun zaɓuɓɓuka huɗu ne: fullscreen, wanda ke kwashe komai har agogo da alamar batir; standalone, wanda ke barin agogon amma ya ɗauke layin adireshi; minimal-ui (ba wancan na Apple ba) mai 'yan maɓallai kaɗan; sai browser, wato shafi kamar kowane shafi. In waya ba ta iya na farko ba sai ta sauka zuwa na biyu, haka har ƙasa. Sharaɗin shi ne mai waya ya girka shafin da hannunsa daga jerin zaɓuɓɓukan burauza. A ganina standalone ya ishi yawancin ayyuka; mai duba farashin kaya ba ya son a ɓoye masa ƙarfe nawa.

Irin waɗannan shafuka su ake kira PWA, sunan da Frances Berriman da Alex Russell suka raɗa a 2015. A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Twitter Lite, da aka fitar a Afrilun 2017, bai kai megabait ɗaya ba a waya. Konga da Jumia duk sun gina irinsu, har Google ya riƙa kafa misali da su. Wanda wayarsa ke kukan cikewa kullum, yana goge hotunan biki don ya sami wurin manhaja guda, shi ya fi kowa cin ribar wannan fasaha. Ƙari a kan haka, akwai wani ɗan shiri da ke aiki a bayan fage yana ajiye sassan shafin a cikin waya, ta yadda zai buɗe ko sabis ya ɗauke. Ba ya aiki sai a adireshin da ya fara da https.

Shin ko kun san dalilin da ya sa maɓallin ƙasan wasu shafuka ke nutsewa, sai an ja kafin a gan shi? Ma'aunin tsayin fuska da magina suka saba da shi, 100vh, yana lissafi ne kamar layin adireshi ya riga ya ɓuya. Sai a 2022 Safari 15.4 da Chrome 108 suka karɓi sababbin ma'aunai uku, svh da lvh da dvh, na ƙarshen yana miƙewa yana takurewa tare da layin. Tsagar kyamara da iPhone X ta zo da ita a 2017 ma ta kawo nata ciwon kan: shafin da ya cike fuska dole ya tambayi waya iyakar wurin da rubutu zai zauna lafiya, in ba haka ba kyamara ta cinye masa kan magana.

Masu ƙera wasanni kuwa, a Chrome na Android ba a iya kafe fuska a kwance daga cikin burauza sai shafi ya cike ta tukuna.

Shin ko kun san cewa saura ƙiris masu iPhone su rasa wannan a Turai? Sai a Maris 2023, da iOS 16.4, shafukan da aka girka a iPhone suka fara aiko da sanarwa. Ba a cika shekara ba, a Fabrairun 2024, Apple ya ce zai daina buɗe su kamar manhajoji a ƙasashen Tarayyar Turai, yana kafa hujja da sabuwar dokar kasuwannin dijital. Magina suka yi ca, hukumar Tarayyar ta fara tambayoyi, ranar 1 ga Maris kamfanin ya janye.

Masu Opera Mini kuma su lura: a yanayin tsimin data mafi tsanani, kwamfutocin kamfanin ne ke buɗe shafi su matse shi kafin ya iso waya, don haka yawancin abin da aka lissafa a nan ba zai yi aiki ba. Mai son girka shafi a wayar Android ya buɗe shi da Chrome ko Samsung Internet.