Makarantar Gama Kai ta Henderson: Yaya Ake Auna Ta?

'Yan'uwa manoma, sau da yawa a taron ƙungiyoyinmu akan fara da maganar taki da iri, a ƙare da maganar makarantar yara. Wani ya ce tasu ta lalace domin bana yara kaɗan ne suka ci jarrabawa, wani ya ce tasu ta fi kowace. Shi ya sa muka kawo muku labarin wata ƙaramar makaranta ta ƙasar Amurka, inda su ma suke wannan gardama.

A shekarar 1991 jihar Minesota ta riga sauran jihohin Amurka yin dokar makarantun yarjejeniya. Watau malamai ko iyaye su kafa makaranta, gwamnati ta ba da kuɗi bisa yawan yara, su kuwa su sa hannu a takarda cewa yara za su koyi abu kaza da kaza. Yarjejeniyar ba ta wuce shekara 5. In ba su cika alkawari ba, ana iya rufe makarantar. Ba a biyan kuɗin makaranta, ba a zaɓen yara. In masu nema sun fi kujeru yawa, sai a jefa ƙuri'a. Dattawanmu za su tuna da makarantun mishan da gwamnati take ba taimakon kuɗi kafin ta karɓe su. Amma akwai bambanci, gama dokar Minesota ba ta yarda irin wannan makaranta ta zama ta wata ikilisiya ko wani addini ba.

Wadda muke magana a kanta sunanta Minnesota New Country School. An buɗe ta a 1994 a garin Le Sueur, daga baya ta koma Henderson, ƙaramin gari a cikin ƙasar masara da waken soya, wanda mutanensa ba su kai 1,000 ba a ƙidayar 2020. A idon jihar, makarantar nan ita kaɗai gunduma ce guda, ana buga sakamakonta dabam. Yaran kuwa daga garuruwa da gonaki na kewaye suke zuwa.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne, malaman ba su zauna a matsayin 'yan ƙwadago ba. Sun kafa ƙungiyar gama kai mai suna EdVisions, kamar yadda muke yi don sayen taki. Ba hedimasta a kansu. Su suke raba aiki, su tsara kuɗi, su auna aikin juna. Yara kuma ba su bin ƙararrawa daga aji zuwa aji. Kowane yaro yakan zaɓi aikin bincike, malami ya bi da shi har ya gama.

A watan Agusta na 1995 wasu yaran makarantar suka je wani tafki a gona tare da malamarsu. Suka kama kwaɗi, sai suka ga wajen rabinsu nakasassu ne, wani ba ƙafa ɗaya, wani ƙafarsa a murɗe. Suka rubuta abin da suka gani, suka sanar da hukuma. Labari ya bazu, masana suka shiga bincike. Daga baya aka gane cewa wata 'yar tsutsa da take girma a jikin katantanwar ruwa tana cikin abubuwan da suke nakasa kwaɗi, kuma takin zamani da ruwa yake kwasowa daga gonaki yana ƙara yawan katantanwar. Masu noman fadama, ku riƙe wannan.

To, wace jarrabawa ce za ta auna irin wannan aiki? Babu. Duk da haka dole yaran su zauna jarrabawar jiha ta karatu da lissafi kamar kowa, kuma a ganinmu daidai ne, domin kuɗin jama'a ake ci. Dokar tarayya ta 2002 ta sa a riƙa rarraba sakamako: na 'ya'yan matalauta dabam, na nakasassu dabam, na masu koyon Turanci dabam, da na kowane jinsi. Dokar 2015 da ta maye gurbinta ba ta soke wannan ba. Dalili kuwa a fili yake. Ba a gwada amfanin gonar jigawa da na fadama a ce manomin jigawa rago ne.

Amma ƙaramar makaranta tana da wata wahala ta lissafi. A ce aji yana da yara 20. Kowane yaro ya zama kashi 5 cikin 100. In yara 3 suka kwana da zazzaɓi suka faɗi, sakamako ya sauka da kashi 15, alhali malamai ba su sake kome ba. A makaranta mai yara 500 a aji ɗaya, ba wanda zai ma lura. Saboda haka ƙananan makarantu sukan yawaita a can saman jeri, su kuma yawaita a can ƙasa, ta bana ba ita ce ta baɗi ba.

Ko a ƙasar baki ɗaya amsa ba ɗaya ba ce. Binciken Jami'ar Stanford na 2009 ya nuna cewa a lissafi kashi 17 cikin 100 na makarantun yarjejeniya ne kawai suka fi na gwamnati, kashi 37 suka kasa su, saura kuwa kunnen doki. Da suka sake bincike a 2023, sai na yarjejeniya suka ɗan wuce gaba. Masu binciken ba su gwada makaranta da makaranta kai tsaye ba. Sun ɗauki yaro suka gwada shi da wani mai irin halinsa da irin makinsa na baya.

Muna roƙon magatakardan kowace ƙungiya ya je wurin hedimastan ƙauyensu kafin taro mai zuwa, ya karɓo sakamakon shekara 3 a jere. Ya rubuto yara nawa suka zauna, nawa suka ci, maza nawa, mata nawa, da kuma nawa aka cire daga aji lokacin girbi.