Abubuwan Ban Mamaki Game da Ɗumin Ɗaki a Ƙasashen Sanyi

A Faransa, doka ce ta yanka wa ɗumin gida iyaka. Tun 1979 aka tsayar da cewa matsakaicin ɗumin gidaje, ofisoshi da makarantu kada ya wuce digiri 19 a ma'aunin Selsiyus. An daɗe ba a waiwayi dokar ba, sai a 2022 da yaƙin Yukiren ya sa farashin iskar gas ya yi tashin gwauron zabi aka kakkaɓe mata ƙura. A shekarar nan Jamus da Sifaniya ma suka tsayar da gine-ginen gwamnati a kan 19, Sifaniya ta ƙara da cewa na'urar sanyaya ɗaki kada a sauke ta ƙasa da 27.

Duk wannan hidima a kan digiri ɗaya ko biyu? Ƙwarai kuwa. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa rage digiri ɗaya tak yana rage kusan kashi 7 cikin ɗari na makamashin ɗumama gida, kuma da gine-ginen Tarayyar Turai duka za su yi haka, da an tsimi gas kimanin kubik mita biliyan 10 a shekara. Shugaban Amurka Jimmy Carter ya riga su. A 1977 ya bayyana a talabijin sanye da suwaita, yana roƙon jama'a su bar gidajensu a digiri 18 da rana, 13 da dare.

Na'urar daidaita ɗumin da ake ta wannan ja-in-ja a kanta, wani malamin makaranta ne ya ƙera irinta mai aiki da lantarki. Warren Johnson na jihar Wisconsin ya gaji da yadda mai kula da tukunyar wuta ke shigowa aji yana duba zafi yana katse masa darasi, sai ya nemi mafita, aka yi masa rajistar ƙirar a 1883. Kafin shi, wajen 1620, ɗan Holan Cornelis Drebbel ya yi wata irinta don ƙyanƙyasar ƙwan kaji.

Har gobe mutane na yi mata gurguwar fahimta. Mutum zai shigo gida yana makyarkyata ya murɗa ta zuwa 30 don ɗaki ya yi saurin ɗumama. A yawancin gidaje ba abin da hakan ke ƙarawa: na'urar tana faɗa wa wuta inda za ta tsaya ne, ba ta sa ta sauri. Ɗakin zai kai 20 a lokacin da dama zai kai, sannan ya zarce yana cin kuɗi. Haka masu cewa barin wuta yini guda ya fi araha. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce rage digiri 4 zuwa 6 na tsawon awa takwas a kullum, lokacin barci ko fita aiki, yana iya rage kashi 10 cikin ɗari na kuɗin ɗumama gida na shekara.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar mutanen da suka gane cewa mutum ke jin sanyi, ɗaki ba ya ji. Japanawa suna da kotatsu, guntun tebur da aka lulluɓe da bargo aka sa wuta a ƙarƙashinsa. Iyali su zura ƙafafu ciki su ci abinci su yi hira, sauran gidan kuwa sanyi ƙarara. Iraniyawa suna da irinsa, suna kiransa korsi. A arewacin Sin gadon bulo ne mai suna kang, a tsohuwar Rasha kuma a saman katafaren murhu ake kwana. Koriyawa suka bi da hayaƙin murhun girki ta ƙarƙashin daɓen ɗaki, wato ondol, wuta ɗaya ta dafa abinci ta ɗumama makwanci, kuma wurin da ya fi kusa da murhu na dattawa ne da manyan baƙi. Wanda ya san gadon ƙasa da ake hura wa wuta a ƙarƙashi, musamman don mai jego, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Sai dai ondol ya taɓa cin rayuka. A shekarun 1960 da 1970, da aka koma amfani da curin kwal, wata iskar guba marar launi marar wari ta riƙa ɓullowa ta tsagar daɓe tana kashe mutane cikin barci. Iskar nan ita ce dai garwashin gawayi ke fitarwa. Duk wanda ya shigar da kasko ɗaki da hunturu ya rufe ƙofa da taga ya kwanta, ya kwana da ita. Don Allah a fitar da kasko kafin a yi barci.

Tsimin ma yana da iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ɗaki ya gaza digiri 18 lokacin sanyi, tsofaffi da yara da marasa lafiya kuwa suna iya buƙatar fiye da haka, domin sanyi yana matse jijiyoyin jini ya tayar da hawan jini. Abin mamaki, ƙaruwar mace-mace lokacin sanyi ta fi yawa a Fotugal mai sassaucin yanayi fiye da Finlan mai ƙanƙara, saboda Finlan ta gina gidajenta da shirin sanyi. A Sin kuwa layi aka ja a shekarun 1950, daga tsaunukan Qinling zuwa kogin Huai: biranen arewa su sami ɗumi daga gwamnati, na kudu kowa ya ji da kansa. A Beijing ana buɗe wa gidaje ɗumi daga 15 ga Nuwamba zuwa 15 ga Maris, mutanen Shanghai da ke kudu kuwa da yawa da rigar sanyi suke zama a falo.

Wasu kuma zafin da ake zubarwa suke tsinta. Jikin mutum yana fitar da kusan wat 100 yana zaune, sai injiniyoyi a Stockholm suka tara ɗumin matafiyan babbar tashar jirgin ƙasa suna ɗumama wani ginin ofisoshi da ke kusa. A garin Odense na Denmak, zafin rumbun kwamfutocin Facebook ke ɗumama dubban gidaje. A Ayislan, kusan gida tara cikin goma da ruwan zafin ƙarƙashin ƙasa suke ɗumi, har wasu titunan Reykjavik ana bi da shi ƙarƙashinsu don narkar da ƙanƙara. A Norwe fiye da rabin gidaje suna da injin zuƙo zafi, mai aiki irin na firji amma a juye. Yana tsamo ɗan ɗumin da ke cikin iskar waje ko da ana zuba ƙanƙara, kuma duk ma'auni ɗaya na lantarki da ya ci yana mayar da uku ko huɗu na zafi.