Hoto ɗaya, talabijin goma: aikin yana cikin bango

Duk ranar da Arsenal da Manchester United suka haɗu, gidan kallo kan cika maƙil. Mai gidan dikoda ɗaya gare shi, amma sai ya rataya talabijin huɗu ko biyar, domin na can baya ma ya biya kuɗin shiga. Haka abin yake a babban masallaci lokacin tafsirin azumi: malam yana ciki, mata suna ɓangarensu, wasu sun shimfiɗa tabarmi a haraba, kowa kuma yana son ganin mai karatu. Otal, asibiti da filin jirgi duk matsalarsu ɗaya: yadda hoto zai tashi daga wuri guda ya isa allo da yawa, tangaram, a lokaci ɗaya.

Wahalar ta fara ne daga nauyin hoton kansa. Hoto mai tsabta na zamani yana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, wato sama da ɗigo miliyan 2, kuma ana sabunta su sau 50 ko 60 a kowace daƙiƙa. Idan aka lissafa launin kowane ɗigo, bayanan da ke gudu a cikin waya kan kai kusan bit biliyan 3 a daƙiƙa guda. Kebul ɗin HDMI, wanda aka fitar da ƙa'idarsa a ƙarshen 2002, yana ɗaukar wannan kaya lafiya lau, amma an yi shi ne don falo, inda dikoda ke ƙarƙashin talabijin. Da ya wuce mita 10 zuwa 15 sai ya fara gajiya, hoto ya riƙa tartsatsi, yana ɗaukewa yana dawowa.

A nan ne kebul ɗin intanet, irin su Cat5e da Cat6, ya yi rana. Idan ka feɗe shi za ka ga siraran wayoyi 8, an tufka su bibbiyu kamar igiya. Tufkar nan ita ce hikimar. Duk hayaniyar lantarkin da ta faɗo daga waje takan taɓa wayoyin biyu daidai wa daida, na'urar da ke karɓa kuma bambancin da ke tsakaninsu kawai take karantawa, sai hayaniyar ta soke kanta. Shi ya sa wannan kebul mai sauƙin kuɗi ke kai saƙo har mita 100.

Hanyoyi biyu ake bi da shi. Ta farko ita ce HDBaseT, wadda kamfanonin LG, Samsung, Sony Pictures da Valens suka haɗu suka tsayar a 2010. Ana ajiye akwatin aikawa kusa da dikoda, akwatin karɓa a bayan talabijin, kebul ɗaya ya haɗa su. Hoto, sauti, umarnin rimot har ma da wutar da ƙaramin akwatin zai ci duk suna iya bin wannan kebul. Hoton yana isa yadda ya fito, kusan ba jinkiri. Sai dai kowace talabijin tana buƙatar kebul nata tun daga tushe, kuma idan ramukan akwatin aikawa huɗu ne, talabijin ta biyar sai an sayi wani.

Hanya ta biyu ita ce a mayar da hoton ƙananan ƙunshin bayanai, a zuba su cikin akwatin da masu aikin ke kira suwic, irin wanda ke haɗa kwamfutoci a ofis. Nan ƙarin talabijin ba ya buƙatar komai sai rami a suwic, kebul daga can da akwatin karɓa, ana ma iya tura wasa daban zuwa kowane ɗaki. Amma yawancin suwic bit biliyan 1 suke ɗauka a daƙiƙa, don haka dole a matse hoton da tsari irin su H.264 ko JPEG 2000 kafin ya wuce. Matsewa da warwarewa suna cin lokaci. Idan aka haɗa talabijin ta gaba kai tsaye da dikoda, ta baya kuma ta bi suwic, 'yan gaba za su yi ihun cin ƙwallo alhali a allon 'yan baya ɗan wasa bai buga ba. Maganin shi ne duk allunan su bi hanya ɗaya. Haka kuma suwic ɗin ya zama mai sanin wace talabijin ce ta nemi wane hoto. Wanda bai san haka ba yakan watsa wa kowane rami komai, ya shaƙe duk kwamfutar da ke kan layin.

Akwai kuma wani abin da ke ruɗa masu aiki. Komai a haɗe yake, fitilu suna kunne, amma allo baƙi ƙirin. Sau da yawa dalilin shi ne HDCP, kariyar da kamfanin Intel ya ƙirƙiro don hana satar fina-finai. Dikoda kan fara gaisawa da duk na'urar da ke kan hanya, idan ɗaya ba ta amsa daidai ba sai ta riƙe hoton. Saboda haka a tambayi mai kaya tun a shago ko akwatin yana aiki da wannan kariya.

Abin da ya fi damuna shi ne kebul ɗin kansa. Mutum zai kashe dubban ɗaruruwan naira a kan talabijin, in an zo kebul sai ya ce a kawo mai araha. Kasuwa cike take da wanda cikinsa alminiyam ne, an yi masa shafen jan ƙarfe a sama. Yana karyewa da wuri, yana zafi idan wuta ta bi ta cikinsa, ba ya kuma kai nisan da aka rubuta. Ka kankare siririyar wayar da wuƙa, in ka ga fari a ciki, ka mayar wa mai shi. Araha ba ta ado. Kada kuma a cusa kebul ɗin cikin bututu ɗaya da wayar wuta ko ta janareta. Idan za a tsallaka daga gini zuwa gini, gara a yi amfani da kebul na zaren gilashi, domin ba ya ɗaukar lantarki, tsawar damina ba za ta bi shi ta ƙone na'urori ba.

Talabijin in ta lalace, sauke ta ake yi a rataya wata. Kebul kuwa da zarar an yi filasta a kansa, gyaransa sai an fasa bango. Don haka kwamitin masallaci, mai otal ko mai gidan kallo su kira masanin wannan aiki tun magina suna kan gini, a sa bututu mai faɗi, a ja kebul na jan ƙarfe zalla, a ƙara ɗaya na ajiya, a gwada kowanne kafin a rufe. Dattijuwar da ke zaune a sahun ƙarshe tana kallon malam ba za ta taɓa ganin wannan kebul ba, amma shi ne ya kawo mata karatun har inda take.