Awon Bayanai da Matse Su

Kamar yadda ake auna shinkafar Argungu da mudu da buhu, haka kwamfuta ke auna bayanai da bayit. A tsarin UTF-8, harafin "a" bayit ɗaya ne, amma ɓ da ɗ da ƙ biyu-biyu suke ci. Bayit 1,000 shi ne kilobayit, kilobayit 1,000 kuwa megabayit. Shafin rubutu yakan tsaya a 'yan kilobayit, hotonsa kuwa yakan haura megabayit. Dalili ke nan da ya sa ake matse fayil.

Matsewa iri biyu ce. Ta farko ba ta zubar da komai. Misali, dabarar David Huffman ta 1952 tana ba harafin da ya fi yawan fitowa gajeriyar lamba. Ta biyu, irin ta JPEG, takan zubar da abin da ido bai cika lura da shi ba.

Hoton masunta a bikin kamun kifi na Argungu zai jure ta biyun. Tsofaffin takardun ajami na masarautar Gwandu kuwa, a'a. Ɗigo ɗaya ya raba ra da zaira. In ya dushe, "zana" ta koma "rana". Wajibi ne ma'aikacin adana tarihi a Birnin Kebbi ya ajiye hoton asali cikakke, ya raba wa jama'a matsattsen.