Karatun Addini a Makarantun Ƙasar Jahun

Wanda ya zauna a Jahun, ko a wani gari na masarautar Dutse, zai ga yaro ɗaya yana iya zuwa makaranta uku a yini guda. Da asuba yana makarantar allo, da hantsi yana ta boko, da la'asar kuma yana Islamiyya. Addinin da ake koya masa ɗaya ne, amma hanyoyin sun bambanta, har harshen koyarwar ma ba ɗaya ba ne.

A makarantar allo addini ba darasi ba ne cikin darussa, shi ne karatun duka. Yaro yakan fara da babbaƙu, watau haruffa ba wasali, sa'an nan farfaru, sa'an nan ya yi ta wanke allo har ya sauke. Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, malaman dā sun laƙaba wa haruffan sunaye na Hausa bisa ga siffarsu, kamar ba-guje da ha-kuri da mim-jaye, domin yaro ya kama su da harshen gidansu. Ruwayar da ake bi ita ce ta Warshu, rubutun kuwa irin na Magrib ne, inda fa take da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Daga imalar wannan ruwaya ne Ajami ya sami hanyar rubuta wasalin "e" na Hausa.

Boko kuwa da wata niyya ya zo. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ta haɗa da karatun addini, domin iyaye su sami natsuwa. Tun daga nan addini ya zama awa guda cikin jadawali, tsakanin lissafi da Turanci, a sakandare kuma yawanci da Turanci ake rubuta jarrabawarsa. Shirin ilmin firamare na bai ɗaya na 1976 ya kai wannan tsari ƙauyuka masu yawa, lokacin Jahun tana cikin Jihar Kano, domin sai a 1991 aka yanke Jigawa. Tsarin mulki na 1999, sashe na 38, ya hana a tilasta wa ɗalibi darasin addinin da ba nasa ba, kuma a 2017 an yi gardama mai zafi a ƙasa a kan haɗa darussan addini da wasu fannoni ƙarƙashin suna guda, har aka umarta a raba su.

Islamiyya ta ɗauki aji da rajista da allon bango daga boko, ta ƙara Hadisi da Fiƙihu da Larabci. Amma akasari ruwayar Hafsu take bi, da bugun Gabas, inda ɗigon fa yake sama, ƙaf kuma biyu gare ta.

To, a nan matsalar take, kuma a ganina kwalejojin horon malamai ba su ba ta kulawar da ta kamata ba. Harafin da yaro ya sani ƙaf ne da asuba, da la'asar sai a ce masa fa ne. Idan malamin aji bai san Warshu ba, sai ya ɗauki ingantaccen karatu kuskure ne, ya tsawata wa yaron, yaro kuwa ya koma gida yana shakkar alarammansa, ko uban ya cire shi daga ajin. Ruwayoyin nan biyu duka karɓaɓɓu ne wajen malamai. Ya kamata duk wanda za a tura koyar da addini a ƙasar Jahun a nuna masa bambancinsu, da sunayen haruffa na allo, tun yana kwaleji.