Wace Ƙasa Ce Ta Fi Kwanciyar Hankali Ga Falke?

'Yan'uwa fatake, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a rumfunan dillalai, tun daga Turaku ta Yamai har zuwa karar Maigatari, watau wace ƙasa ce ta fi lafiya ga baƙo mai shanu. Wani ya ce Gana, wani ya ce ai babu kamar gida Nijar, wani kuwa ya rantse ko kyauta za a ba shi garke ba zai sake taka Afirka ta Tsakiya ba. Kowa da hujjarsa, amma in an bincika sai a tarar hujjar ita ce abin da ya same shi a tafiya ɗaya tak. Yaranmu masu tasowa kuwa suna gefe suna saurare, kuma da irin wannan hira ce suke yanke inda za su kai dukiyar iyayensu. Don haka muka ga ya kamata mu zauna mu warware zancen.

Abin da muka lura shi ne ana cakuɗa abu biyu waɗanda ba ɗaya ba ne: kirkin mutanen ƙasa daban, lafiyar hanyarta daban.

Mu fara da ƙofar gidanmu. A shekarar 2019, da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Katsina, dubban mutane suka tsallako jihar Maraɗi, musamman wajen Gidan Rumji. Kafin wata hukuma ta iso, talakawan ƙauye ne suka buɗe musu ɗakuna da rumbuna. Wannan kirki ne wanda babu mai musunsa. To amma a wannan yankin dai, daga Gidan Rumji zuwa Madarunfa, a nan aka yi ta kore shanu da dare ana ɗauke mutane don neman kuɗin fansa. Mutanen da za su ba ka fura ba su tambayi sunanka ba, su ne ba su da ikon kare ka, domin su ma ba su tsira ba. Saboda haka in wani ya ce maka mutanen wuri kaza mutanen kirki ne, ka yarda, sa'an nan ka sake tambayarsa, hanyar fa?

Tsofaffin da suka yi fataucin gabas sun san zargina, 'yan fashin da suka addabi arewacin Kamaru da kudancin Cadi da Afirka ta Tsakiya tun shekarun 1980. Aikinsu shi ne tare hanya ranar kasuwa, don sun san falke ya sayar, kuɗi na ɗaure a ƙugunsa. Abin ya yi tsanani har gwamnatin Kamaru ta kafa rundunar soja ta musamman a 1999, wadda a 2001 ta koma BIR. Tare hanya ya ragu, amma ɓarayin sai suka sake dabara, suka koma ɗaukar 'ya'yan makiyaya, uba ya kai shanunsa kasuwa ya sayar da araha ya fanshi ɗansa. Wannan cuta ta ci gaba a wajen Tuboro ta Kamaru da Pala ta Cadi. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, ɓarawon daji bai san nawa aka yi ciniki ba sai an gaya masa, mai gaya masan kuwa yana cikin kasuwa, watakila ma ya taya ka ƙirga kuɗin. A ko'ina haka abin yake, ba a Kamaru kaɗai ba.

Ita Afirka ta Tsakiya da ake tsoro, akwai dalili. Daga ƙarshen 2013 zuwa 2014 mayaƙan anti-balaka sun far wa Musulmi, fatake da Fulani da mahauta, waɗanda wasunsu a can aka haifi iyayensu, suka gudu Kamaru da Cadi hannu rabbana. Duk da haka a garin Bosamtele wani limamin Katolika ɗan ƙasar Togo, Bernard Kinvi, ya ɓoye ɗaruruwan Musulmi a asibitin mishan da yake kula da shi, da yawansu Fulani ne, ya kuma taimaka aka fitar da su zuwa Kamaru, alhali ana yi masa barazanar kisa. Wanda duk ya ce mutanen ƙasar nan ba su da imani, sai a tuna masa da wannan bawan Allah.

Sai Nijeriya, inda mafi yawan shanunmu suke ƙarewa, ko muna so ko ba mu so. Ita ba a yi mata hukunci ɗaya, domin ƙasashe ne da yawa cikin ƙasa guda. Hanyar da shanun Cadi suka saba bi, daga Injamena su haye gada zuwa Kusiri, su bi Fotokol da Gamboru su faɗa Maiduguri, ta mutu bayan harin da Boko Haram ta kai Gamboru a watan Mayu na 2014, aka kashe mutane ɗaruruwa. Fatake suka koma zagaye mai nisa, kuɗin kora da na mota suka cinye riba. A Fataskum kuwa, a watan Mayu na 2012, 'yan kasuwa sun kama ɗaya daga cikin ɓarayin da suka zo fashi suka ƙone shi, da dare sauran suka komo da bindigogi suka buɗe wa kasuwar shanu wuta, mutane gommai suka halaka tare da dabbobi. Muna kawo wannan ne saboda masu zafin kai a cikinmu da suke ganin in an kama ɓarawo a gama da shi nan take.

A kudu kuma haɗarin wani iri ne. Can ba ɗan fashi ne babban abin tsoro ba, taron jama'a ne. Rigimar kasuwar Shasha a Ibadan, a watan Fabrairu na 2021, daga cacar baki ta tashi, kafin a ankara an ƙone shaguna da gidaje an yi asarar rayuka, har ƙungiyar masu safarar abinci da shanu ta dakatar da kai kaya kudu na 'yan kwanaki. A watan Maris na 2025 kuma a Uromi ta jihar Edo aka kashe matafiya 'yan arewa 16 da ke cikin babbar mota, bisa zargin wai masu satar mutane ne. A irin wannan rana babu mai tambayar ko kai ɗan Nijar ne ko ɗan Cadi. Rigarka da harshenka su ne takardarka.

To, Gana fa, da ake yabo? Yabon yana da tushe. Mutum ya sauke shanu a Kumasi ko a Tulaku ta Ashaiman, ya kwana a zango, ya ji Hausa kamar yana gida, kuma bindiga ba ta yi yawa a hannun mutane kamar wasu wuraren ba. Amma sai an kai can tukuna. Shanun da ke zuwa Gana ta Barkina Faso suke ratsawa, ita kuwa Barkina, wadda a da ake kwana a gefen hanyarta ba fargaba, ta rikice, har babbar kasuwar shanu ta Jibo ta shiga ƙawanyar 'yan bindiga a 2022. A cikin Gana ma rikicin sarautar Bawku ya sake tashi a 2021 ya ɓata hanyoyin wannan kusurwa. Har ila yau a san cewa falken da ke cikin kasuwa daban ake kallonsa da makiyayin da ke daji. A wajen Agogo an sha tura jami'an tsaro su kori garkunan Fulani saboda rigima da manoma. In za ka yi kwanaki kana kiwon shanunka kafin su shiga kasuwa, to ka fita daga sahun fatake ka shiga na makiyaya.

Akwai kuma ɓarawon da ba ya riƙe makami, shi ne takarda. Kakanninmu sun zauna Gana shekara da shekaru babu mai ce musu kanzil, sai a watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita. Aka bar gidaje, aka bar bashin shanu a hannun mahauta. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan a Nijeriya, ita ma mako biyu ta bayar, 'yan Gana da 'yan Nijar da 'yan Cadi suka cika iyakoki. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe tsakaninta da Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. A watan Janairu na 2025 Nijar da Mali da Barkina suka fita daga ƙungiyar CEDEAO, wadda yarjejeniyarta ta 1979 ce ta ba mu kwana 90 a ƙasashen juna ba tare da biza ba. Duk waɗannan babu wanda maƙwabcinka na zango ya shawarta. Wanda katinsa da takardar allurar shanunsa da rasit ɗin duwan suke cikakku, shi ne ke da bakin magana a shinge. Wanda ya saba wucewa da na goro kaɗai, ranar da iska ta juya shi za a fara kamawa.

In haka ne, me ya riƙe wannan sana'a tun zamanin da ake kora shanu a ƙasa wata biyu kafin a ga Kurmi? Maigida ne, wanda wasu ke kira fatoma. A Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa tun 1916, falke kan sauka gidan maigidansa, a ba shi ɗaki da abinci, dillalan maigida su sayar da shanun bashi ga mahautan Yarabawa na 'yan makonni, ba takarda ba sa hannu. In mahauci ya gudu, maigida ne zai biya, don sunansa shi ne jarinsa. Shi ya san mahaucin da ke biya da wanda ya karye, ya san unguwar da ba a bi bayan magariba, in an kama yaronka shi zai je wajen 'yan sanda da sarkin zango. Da ɗan gari akan ci gari.

Yanzu ga waya ga banki, kuma mun yarda sun rage ɗaukar kuɗi a jiki, wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Sai dai muna ganin samari suna loda tirela su nufi garin da ba su san kowa ba, don kawai wani da ba su taɓa gani ba ya kira su ya faɗi farashi mai daɗi, wai suna gudun la'ada. La'adar nan nawa take in an gwada ta da tirela guda ta bijimai?

Muna roƙon duk wanda zai buɗe sabuwar hanya a wannan kaka ya biyo ta ofishin ƙungiya kafin ya yi lodi, a haɗa shi da wanda ya dawo daga can cikin watan nan, domin labarin hanya na bara ba ya amfani bana. Waɗanda suka dawo kuma su daure su kawo mana sunan maigidan da suka sauka wurinsa, da shingen da aka tsare su, da abin da aka karɓa a hannunsu.