Abin da ke Cikin Gansakuka

Idan ruwan Tafkin Kalmalo da ke kusa da Illela ya janye, yakan bar gansakuka shimfiɗe bisa laka. Wannan shimfiɗa matattara ce ta ƙananan halittu iri-iri, waɗanda akasarinsu ba sa yaɗuwa a ɗakin gwaji. Don haka masana kan tatso sinadarin gado, wato DNA, daga irin wannan laka su karanta. Tun 1977 Carl Woese ya nuna cewa sinadaran gado na bayyana dangin kowace halitta. In aka tarar da ƙwayar gadon da ake kira nifH, alama ce ta masu kamo naitirojin daga iska su mai da shi taki, wanda manomin rani ke mora kyauta.